Takardar Rijiyar Yaya Mamman

Azumin bana ya faɗo tsakiyar bazara, irin wadda tabarma kan ɗau zafi tun kafin hantsi. Ni likita ya hana ni azumi, sai dai in ciyar, in zauna a zaure ina kallon masu ƙarfi suna jiƙa tsumma suna ɗorawa a ka. Jikata Asma'u ta zo hutu daga jami'a, inda take shekarar ƙarshe a karatun injiniya. Kwana uku tana fama da kwamfutarta tana tsaki. Da na tambaya, ta ce malaminta ne ya dawo mata da furofozal karo na biyu, wato takardar da ɗalibi kan rubuta ya bayyana aikin binciken da yake son yi kafin a ba shi izinin farawa.

"Kaka, ai kai ma ka yi karatun ga," in ji ta. "Ƙaƙa kunka rubuta taku?"

Na gaya mata abin da aka koya mana. Ki faɗi matsalar a fili yadda wanda bai san garinku ba zai gane. Ki faɗi abin da waɗansu suka riga suka yi a kai, da inda suka tsaya. Sannan abin da ke za ki yi, da kayan da za ki yi da su, da tsawon lokacin da zai ci. Ta rubuta, ta yi godiya, ta shiga ciki taya uwarta dama kunu. Sauran ban gaya mata ba.

Tun daga shekarar da na rubuta tawa takardar, sau biyu ke nan azumi yana zagayowa ya sake samun bazara. Lokacin Turawa na gab da tafiya amma ba su tafi ba. Ina karatu a wata kwalejin fasaha mai nisa da gida, tafiyar kwana biyu a bayan babbar mota. Mu 'yan ƙasar Sakkwato ba mu kai yatsun hannu ɗaya ba a ajinmu. Malamin da ke duba ayyukan 'yan shekarar ƙarshe wani Bature ne siriri da muke kira Mai Jar Tawada. Kafin hutun Ista ya tara mu ya ce kowa ya je ya nemo matsala ta gaske ya rubuto a kanta. Ya kuma kafa doka ɗaya, ya maimaita ta har sau uku: duk wanda ya fara aiki kafin a sa wa takardarsa hannu, aikinsa ya tashi a banza, sai ya sake shekara.

Na sauka Wurno ana kwana huɗu ga azumi, na ƙarasa ƙauyenmu a ƙafa, can bakin fadamar gulbin Rima. Tun daga hanya na san shekarar ba ta yi kyau ba. Ruwa ya ɗauke da wuri a daminar da ta wuce, gero ya tsaya bai cika ido ba. Rumbunan bakin gari an sauke musu hulunansu, ba abin da ake ɓoye wa rana a ciki. Da na shiga gida Inna ta riƙe hannuna tana dubana, ta ce na yi ƙiba. Ba ƙiba na yi ba. Su ne suka rame.

Abin shan ruwa a gidanmu a waccan shekarar kunu ne tsararo wanda kana iya ganin gindin ƙwarya ta cikinsa. Bayan magariba a kawo tuwon dusa da miyar busasshen ganyen albasa, wani lokaci kwaɗon tafasa ba ƙuli. Sahur kuwa abin da ya rage ne, a zuba masa ruwa ya yi yawa. Inna kan ce ta ci nata a madafa. Duk mun san ba ta ci ba, ba kuma wanda ya ce mata komai, don in an ce sai a raba ɗan abin da ke akwai, ita kuma ba za ta yarda ba.

Abin da ya tsaya tsakaninmu da barin gari shi ne albasar Yaya Mamman. Shi ne wana, uwa ɗaya uba ɗaya, ya girme ni da shekara shida. Lokacin da aka zo ɗibar yara zuwa makarantar boko, shi aka fara nunawa, Baba ya ɓoye shi ya miƙa ni, don shi ya riga ya iya riƙon kalme, wato fartanya. Da Yaya ya ga gero ya ƙi, sai ya dasa albasa karo na biyu, a makare, ya ce in ta kai za a sai da a sayi hatsin da zai kai mu sabon gero. Albasar makara sai ta sha ruwa har ƙarshen bazara, lokacin da ruwan fadama ya gudu ƙasa.

Rijiyoyin lambu a wancan zamani ramuka ne kawai a cikin yashi, ba a ɗaure bakinsu da komai. A kafa jigo a gefe, doguwar sanda mai dunƙulen laka a gindi da wasaki, wato gugan fata, a baki. Yaya kan fita da an sallame asuba. Ya danna sandar ƙasa, wasaki ya nutse, ya sake ta ta ɗago, ya juye ruwan a ƙorama, ruwan ya bi ya shiga fangali. Haka har rana ta take. Ƙarar jigon nan, ƙiiƙ, ƙiiƙ, har yau in ƙofa ta yi irinta sai na waiwaya. Leɓensa duk sun tsage. Ruwa na zuba a ƙafafunsa tun safe, shi kuma ba halin ya kai ko ɗigo baki. Duk bayan kwana biyu ko uku ruwan ya ja baya, sai ya tuɓe riga ya shiga ramin da ƙwarya yana yasa, Baba na karɓar yashi daga sama. Yana yasa, bangon na zubo masa a kafaɗa kaɗan kaɗan.

Ran da na fara ganin haka na ce a raina, ga matsalata.

Na samo igiya na ƙulla mata ƙulli taki taki. Safe da maraice ina auna inda ruwa ya tsaya, ina rubutawa. Ina zaune a inuwar wani gawo da ke bakin lambun, littafi a cinya, ina ƙirga wasaki nawa ke cika fangali ɗaya. Na so in karɓi Yaya a jigon, Baba ya hana.

"Bari shi," ya ce. "Kai aikinka na hannunka. Shi wanga shi na nashi."

Yaya bai taɓa nuna ya ji haushi ba. In ya zo hutawa sai ya zube kusa da ni yana haki, ya leƙa littafin da ba ya iya karantawa.

"Ballo, mi kaka rubutawa haka tun sahe?"

"Rijiyarka, Yaya."

"Rijiyag ga?" Ya yi dariya har leɓensa ya yi jini. "To ka rubuta musu tana ci mini rai."

Dabarar ba daga kaina ta fito ba. Akwai ƙanwar kakarmu, Gwaggo Kulu, maginiyar tukwane, a bayan gari. Na je gaishe ta na tarar tana ɗora wuyan wata babbar randa, sai na tsaya ina kallon yadda yumɓun ke zagayowa a hannunta. Na tambaye ta ko za ta iya gina randa marar gindi marar wuya, zobe kawai, mai faɗin da mutum zai shiga ciki ya tsuguna, mai kaurin tafin hannu. Na ce in an jera su bisa juna a cikin rijiya za su riƙe yashin.

Ta ci gaba da shafa yumɓunta.

"Ba yumɓun randa za a sa ba," ta ce. "Shina tsagewa in ƙasa ta matse shi. Sai an haɗa da dakakkiyar katangar fasasshiyar tukunya da ƙaiƙayi. Kuma a yi ma kowane leɓe, na bisa shi zamna cikin na ƙasa. Kakata ta taɓa yi ma wani Bafillace irinai."

Ta yi kwana tara a kansu, da azumi a bakinta, tsohuwa mai ciwon gwiwa. Matan gidanmu suka yi ta kai mata kara da kashin shanu na gashi. Biyar ta gina, biyu suka fashe a wuta, uku suka fito jajaye, in ka ƙwanƙwasa suna amsawa kamar ƙarfe. Samarin unguwa suka mirgino su har lambu aka jingine a gindin gawon.

A wannan gindin gawon na rubuta takardar. Gumi na ɗiga daga haɓata yana ɓata tawada, sai na sake shafi. Na sa mata suna, hanyar ɗaure rijiyoyin fadama da zoben gasasshen yumɓu. A wurin matsala na rubuta yadda ruwa ke gudu ƙasa a bazara, da yadda yashi ke rufta wa masu yasa. Na zana zoben da leɓensa. Na bayyana yadda zan gwada ƙarfinsu da injin matsi na kwaleji, sannan in jera su a rijiya ɗaya in bar wata haka nan, in kwatanta su tsawon rani guda. Wuri ɗaya ne ya gagare ni, inda ake son ka lissafa waɗanda suka yi rubutu a kan abin kafin kai. Ban san kowa ba. Na yi ta juya alƙalami, daga ƙarshe na rubuta sunan Gwaggo Kulu da sana'arta da sunan ƙauyenmu. Na ga ai gaskiya ke nan.

Ana jibi Salla Yaya ya fito daga rami, yashi har cikin gashin idonsa, ya tsaya yana duban zobban.

"Ballo, mu sa su mana. Ga su nan zamne, ga ni ina shan ƙasa."

Na ce a'a. Na gaya masa dokar Mai Jar Tawada. Na ce in aka sa su yanzu, kafin a sa hannu, kafin in auna su da kayan makaranta, za a ce na fara aiki ba izini, shekarata ta tafi. Na ce mako biyu ne ko uku, da an amince zan aiko da takarda.

"Wa za ya gaya ma Bature?" in ji shi. "Nan da can kwana biyu a mota."

"Zai gani a lissafin, Yaya. Ba a yi musu wayo."

Baba na gefe yana gyaran igiyar wasaki. Bai ɗago ba ya ce, "Mamman, shi yas san ƙa'idar abinai. Shekara nawa muna yasa haka nan? Ka ƙara haƙuri."

Yaya ya kaɗa kafaɗa, ya koma kan jigonsa.

Aka yi Salla ba nama, ba sabon ɗinki. Kashegari na kama hanya. Inna ta ƙulla mini gasasshiyar albasa huɗu da ɗan ƙulli na garin rogon da aka samo a kasuwa, abin da da can ko kallonsa ba ma yi.

Yanzu in ka bi fadamar nan, tun daga ƙasan madatsar Goronyo har ka wuce mu, ba za ka ga jigo ko ɗaya ba. Yara kan soka bututu a ƙasa da safe, kafin azahar inji na tofar da ruwa. Ba mai shiga rami. Na yi shekara talatin da wani abu ina aikin ruwa, na sa hannu a takardun irin waɗannan bututun ba iyaka. Ban taɓa tsayawa kallon ana soka ɗaya ba har a gama.

Mai Jar Tawada ya riƙe takardunmu kwana goma sha biyu. Ya kira ni ofishinsa da rana, fanka na juyawa a sama, ga tulun ruwan sanyi a gefe. Ba zan yi masa ƙarya ba, bai daka mini tsawa ba. Har kujera ya nuna mini. Ya ce rubutuna da tsabta, zanen ma ba laifi. Sannan ya buɗe shafin ƙarshe, inda ya zagaye sunan Gwaggo da jan layi.

"Wane ne wannan?"

"Kakata ce, ranka ya daɗe. Ita ke ginin tukwane a garinmu."

"Ta rubuta littafi?"

"A'a."

"To wa ya rubuta a kan wannan abu?"

"Ba kowa, ranka ya daɗe. Shi ya sa nake so in yi."

Ya yi murmushi irin wanda ake yi wa yaro ya kawo ƙwaro a tafin hannu. Ya ce masu jarrabawa daga ƙasarsu za su duba aikin, kuma ba za su ɗauki ginin tukwane a matsayin aikin injiniya ba. Ya ce don ni yake faɗa, ba ya so in faɗi. Ya jawo wata takarda ya ce ga aikin da ya dace da ni. Gidajen barikin Turawa na garin ba sa samun ruwa da ƙarfi a banɗakunan bene, kuma masu ban ruwan furanni na kuka. In lissafa girman tankin da ake bukata da tsawon ƙafafunsa. Ya ce akwai littattafai a kai har guda shida a ɗakin karatu.

Na buɗe baki in ce masa akwai mutum a cikin ramin yanzu haka. Abin da ya fito shi ne, "Na gode, ranka ya daɗe."

Daga nan laifin ya tashi daga kansa ya dawo kaina. Tun ran nan zobban ba su da sauran amfani ga kowace jarrabawa. Abin da ya rage kawai in ɗauki alƙalami in rubuta layi biyu: an ƙi, ku sa su. Akwai direban da ke zuwa Sakkwato duk mako, yana kai mana saƙo. Na zauna zan rubuta, sai in ga fuskar Gwaggo Kulu a bakin wuta, in ga Baba yana gaya wa mutane a masallaci cewa ɗansa zai gyara rijiyoyin ƙasar nan da izinin Turawa. Sai in ce bari sai mako mai zuwa, in san yadda zan tsara maganar. Direban ya tafi sau uku ba da takardata ba.

A dawowarsa ta uku shi ya kawo mini tasu. Limamin garinmu ne ya rubuta da ajami. Bayan gaisuwa ya ce rijiya ta rufta da Mamman ranar Talata da hantsi, an fid da shi da rai, a yi ta addu'a. Na ƙirga kwanakin a yatsa. Talatar nan ta zo kwana goma sha biyar bayan an kira ni ofis.

Daga baya Inna ta ba ni labarin yadda aka yi. Hadari ya fara haɗuwa a gabas amma ba ya zuba, zafi kamar a cikin tanda. Albasa saura kwana kaɗan a cire. Ruwa ya ja baya ƙwarai, Yaya ya shiga ya zurfafa fiye da yadda ya saba. Baba ya ce bai ji ƙara ba, sai dai ya ga ƙasar da yake tsaye a kai tana tafiya. Yashin ya danne Yaya a tsugune, ya naɗe shi, kansa kaɗai ke waje. Mutanen lambunan kusa suka yi ta tona da hannu da ƙorai, suna tonawa yana komawa. Da igiyar jigonsa aka jawo shi. Aka ɗauko mai ɗori daga wajen Rabah, ya shafa bayan ya girgiza kai. Ƙafafun ba su sake ɗaukarsa ba.

Maƙwabta suka ƙarasa wa albasar ruwa kwana biyu, amma kowa na da tasa. Rabi ta ƙone. Abin da aka cire bai kai mu ko shuka ba, sai da aka sai da jakin Baba da awakin Inna.

Ban samu zuwa ba sai hutun damina. Na iske gari ya yi kore, gero ya kai gwiwa, ƙasa na ƙamshi, kwaɗi na ta kuka a fadama kamar ba abin da ya faru. Lambun ruwa ya shafe shi, ba ka ma gane inda rijiyar take. Zobe ɗaya ya fashe, ɗaya Inna ta sa an kawo gida tana kife 'yan tsaki a ciki saboda shirwa, na ukun ban tambayi inda ya shiga ba. Tun daga lokacin na sha zama in yi lissafin nan, nauyin yashi da kaurin yumɓu da zurfin rami, ko zobba uku za su riƙe. Wani lokaci lissafin ya ce za su riƙe, wani lokaci ya ce ba za su riƙe ba. Ya danganta da abin da na zaɓi in yarda da shi a ranar.

Yaya na kwance a rumfar ƙofar ɗakinsa, an tokare shi da buhun ƙaiƙayi. Kafaɗun nan da suka yi shekaru suna danna jigo suna nan yadda suke, ƙafafun kuwa sun zama kamar na wani mutum dabam. Matarsa ta shimfiɗa mini tabarma ta ba mu wuri. Na durƙusa na gaishe shi, na yi masa sannu. Duk hanya na shirya abin da zan faɗa. Na yi niyyar in gaya masa komai, har da direban da makonni ukun.

Shi ya riga ni.

"Ballo, ƙaƙa ta ƙare da Bature? Ya sa ma takardarmu hannu?"

Ya ce takardarmu. Idonsa na kaina, yana jira, har ya ɗan ɗago daga jikin buhun.

Na ce, "Ya sa, Yaya."

Ya koma ya jingina, ya sauke numfashi.

"To alhamdu lillahi," ya ce. "Ka gani? Da mun sa su ran nan da na ɓata maka shekara."

Na koma kwaleji na lissafa tankin barikin, na ci jarrabawa da yabo. Aka gina shi kuwa, na ji an ce ruwa na hawa bene da ƙarfi.

Yaya ya yi shekara goma sha ɗaya a rumfar nan, yana tufkar igiya yana saƙa tabarmar kaba. Duk baƙon da ya zo gidanmu sai ya gaya masa cewa ƙanensa ya rubuta takarda a kan rijiyarsa, Turawa sun karanta sun sa hannu. In ina wurin sai ya juyo ya ce, "Ko ba haka ba, Ballo?" Ni kuma in ce haka ne. Har aka kai shi makwancinsa ban gyara masa ba.